Gori Bai Taɓa Rage Wa Kowa Ƙiba Ba

A ɗauki misalin mace mai nauyin kilo 130 da ta je asibiti da ciwon gwiwa. Kujerun ɗakin jira duk masu hannu ne. Ta dube su, ta san in ta zauna ƙarfen zai datse mata cinya, tashi kuma sai an kama ta, sai ta jingina da bango ta tsaya awa guda cur a kan gwiwar da ta kawo ta. Sikeli yana bakin hanya inda kowa ke wucewa, mai awo ya karanta lambar da ƙarfi don abokin aikinsa ya rubuta, kawuna suka juyo. Da aka zo awon jini, ɗamarar da ake naɗawa a damtse ta ƙi zagayowa. Aka ja ta da kyar aka manna bakinta, tana fara cika da iska ta ɓalle. Aka sake naɗawa, aka danne da hannu, na'ura ta nuna 158. Da ta shiga wurin likita bai yi minti uku da ita ba: "Baiwar Allah, nauyin nan ne ya yi yawa. Ki rage ci, ki riƙa motsa jiki." Gwiwar kuwa ko taɓa ta ba a yi ba.

Babu wanda ya zage ta a ranar, kowa ma yana ganin ya yi aikinsa. Amma ta fita da lambar hawan jini wadda wataƙila ba gaskiya ba ce, da ciwon da ba a duba ba, da ƙudurin ba za ta sake dawowa ba sai ciwo ya ci ƙarfinta. Wannan ƙudurin ne ya fi tayar mini da hankali, domin shi ke sa a gano ciwon suga bayan ya taɓa ido, a gano cutar kansa bayan ta bazu.

Ra'ayina a kan lamarin nan ɗaya ne. Tausayin da mai ƙiba yake bin mu bashi abu ne da ake gani da ido, har ana iya ƙirga shi: faɗin kujera, girman ɗamara, tsawon allura, tambayar da aka fara yi masa, da wanda zai ci gaba da bibiyarsa bayan shekara biyu. Sakin fuska yana da wurinsa, sai dai asibitin da ke murmushi alhali ba shi da ɗamarar da ta isa hannun majinyacinsa bai kula da shi ba. Kada kuma wani ya ɗauka ado ake son yi wa ƙiba. Kitsen da ya taru a ciki yana jawo ciwon suga, hawan jini, ciwon zuciya, kitsen hanta, lalacewar gwiwa, da nau'o'in kansa fiye da goma. Don abin yana kisa ne ma bai kamata a bar shi a hannun masu gori ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da ƙiba. Manya kaɗai miliyan 890 ne, in aka haɗa da yara da matasa an haura biliyan ɗaya. Daga 1990 zuwa lokacin, abin ya ruɓanya fiye da sau biyu a tsakanin manya, sau huɗu a tsakanin matasa. Wanda ya yarda cewa ƙiba ragwanci ce da zarin ci, sai ya gaya mana yadda aka yi mutanen kowace nahiya suka wayi gari ragwaye cikin shekara talatin. Abin da ya canza a fili yake: abincin masana'anta ya yi araha ya cika ko'ina, aiki ya koma na zaune, barci ya ragu. A 2019 Kevin Hall da abokan aikinsa a Amurka sun kwantar da mutum 20 a cibiyar bincike, suka ba su abincin masana'anta mako biyu, abincin da ba a sarrafa ba mako biyu, aka ce kowa ya ci iya son ransa. Mutanen su ne dai, amma a makonnin abincin masana'anta sun riƙa cin ƙarin kalori kusan 500 kowace rana ba tare da sun yi niyya ba.

Ga kuma gado. Binciken da aka yi a kan tagwaye ya nuna kashi 40 zuwa 70 cikin 100 na bambancin nauyi tsakanin mutane daga gado yake. Shi ya sa za ka ga 'yan gida ɗaya, tukunya ɗaya, wannan ya ƙoshi da rabin kwano, wancan ya cinye nasa ya tashi da sauran yunwa. A 1994 Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller ya gano sinadarin leptin, wanda kitse ke fitarwa ya sanar da ƙwaƙwalwa yawan ajiyar da ke jiki. A 1999 masu bincike a Jafan suka gano ghrelin, wanda tumbi ke fitarwa ya ta da yunwa. Da zarar mutum ya rage nauyi sai leptin ya faɗi, ghrelin ya hau, jiki kuma ya rage abin da yake ƙonawa ko da yana kwance. Ƙwaƙwalwa ba ta san niyyar mai jikin ba, ita a wurinta fari aka shiga, dole a tsimi abin da ke rumbu. A Melbourne ta Ostireliya an sa mutum 50 a kan tsauraran matakan abinci na mako 10, suka rage kusan kilo 13. Sakamakon da aka wallafa a 2011 ya nuna bayan shekara guda cur sinadaran yunwarsu ba su koma yadda suke ba, suna jin yunwa fiye da kafin su fara. Wani binciken na 2015 da ya bi bayanan asibitocin Birtaniya ya gano cewa a cikin masu ƙiba matakin farko, namiji ɗaya cikin 210 ne ke komawa nauyin da ake kira daidai a shekara, mata kuma ɗaya cikin 124. Saboda haka wanda ya rage kilo goma suka dawo, abin da aka saba gani ne ya same shi. Gaya masa haka tun ranar farko yana cikin haƙƙinsa.

Masu gori suna da hujjarsu, kuma ya kamata a saurare ta. Suna cewa in mutum bai ji kunya ba, ba zai motsa ba. An gwada wannan zaton. Angelina Sutin da Antonio Terracciano sun bi dubban manya a Amurka tsawon shekara huɗu, suka wallafa a 2013 cewa waɗanda ba su kai matakin ƙiba ba amma aka tsangwame su saboda nauyinsu sun fi sauran yiwuwar shiga ƙibar kusan sau biyu da rabi. Dalilin ba boyayye ba ne. Wanda aka yi wa dariya yana haki a bakin titi da sassafe ba zai sake fita ba. Wadda aka yi wa habaici a kan kwano za ta daina ci a gaban mutane, ta yini da yunwa, dare ya yi ta ci a ɓoye, ta ci fiye da kima, ta kwana tana tsanar kanta. A 2020 ƙwararru ƙarƙashin jagorancin Francesco Rubino sun fitar da sanarwar haɗin gwiwa a mujallar Nature Medicine, ƙungiyoyin lafiya fiye da 100 suka mara mata baya, tana cewa tsangwamar masu ƙiba cutarwa ce kuma tana hana su samun kulawa.

A nan zan ɗan daɗe, domin a ɗakin awo ne ake fara cin amanar mai ƙiba ba tare da kowa ya lura ba. Ɗamarar awon jini girma-girma ce. Kafin a naɗa ta sai a auna kewayen damtse da tef, a tsakiya tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. Santimita 27 zuwa 34 ta manya ce ta yau da kullum, 35 zuwa 44 babba, 45 zuwa 52 mafi girma. In ɗamara ta yi ƙarama sai ta buƙaci iska fiye da kima kafin ta matse jijiya, na'ura kuma ta ɗauki wannan ƙarin a matsayin hawan jini. Gwajin da aka yi a Jami'ar Johns Hopkins aka wallafa a 2023 ya nuna wanda ya kamata a sa wa mafi girma aka sa masa ta yau da kullum, lambarsa ta sama tana ƙaruwa da kusan 20. Matar can mai 158 tana iya zama mai 138. Bambancin nan shi ne tsakanin a ɗora ta a kan ƙwayoyi biyu, ta riƙa jin jiri tana tashi ta faɗi, da a ce ta dawo a sake awo. In babu ɗamarar da ta isa damtsen, ana iya auna a wuyan hannu da na'urar da aka yi don haka, hannun yana daidai saitin zuciya, a kuma rubuta a kati cewa a nan aka auna.

Allura ma haka. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce macen da ta wuce kilo 90 da namijin da ya wuce kilo 118 suna buƙatar allura mai tsawon milimita 38 in za a yi musu rigakafi a kafaɗa. Gajeriya tana zuba maganin a cikin kitse bai kai tsoka ba, a rubuta an yi rigakafi alhali bai shiga inda ya kamata ba. Sikeli da yawa iyakarsu kilo 150 ko 180, saboda haka asibiti yana buƙatar aƙalla ɗaya mai faɗin mataki da ya wuce haka, a ajiye shi bayan labule, a rubuta lamba a yi shiru. Gadon duba majinyaci yana da iyakar nauyin da zai ɗauka, ma'aikata su san ta, ya kuma kasance yana sauka ƙasa ko yana da matakala mai ƙarfi. Rigar asibiti ta rufe mutum. A ɗakin jira a sa benci ko kujeru biyu zuwa uku marasa hannu, a gauraya su da sauran, kada a ware su gefe guda kamar wurin horo. Yawancin waɗannan ba su kai kuɗin fentin bango ba.

Sai abin da ya fi duka haɗari, wato a ɗora kowane ƙorafi a kan nauyi. Haki yana iya zama asma, ko ƙarancin jini, ko ciwon zuciya, ko gudan jini a huhu. Cikin da ke girma yana iya zama ƙari a ƙwan mahaifa. Jinin da ya dawo wa mace bayan ta daina al'ada dole a bincike shi da gaggawa, domin ƙiba tana ƙara haɗarin kansar mahaifa sosai. Tambaya ɗaya ta isa ta tsare ma'aikacin lafiya daga wannan kuskuren: da siriri ne ya zo mini da wannan ƙorafin, wane gwaji zan yi masa? Duk amsar da ta zo, ita ce haƙƙin mai ƙiban ma.

Maganar nauyin kanta kuma da sallama ake shigarta. Likitocin Kanada sun sa neman izini a matsayin matakin farko a jagorarsu ta 2020: "Za ka yarda mu yi maganar nauyinka yau, ko mu bar ta sai wani zuwan?" In ya ce a bari, a bari, zai dawo. In ya yarda, kada a fara da wa'azi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A tambaye shi yaushe nauyin ya fara hawa, me ya faru a lokacin. Amsar takan fito da abin da sikeli ba ya nunawa: haihuwa, fara aikin dare, rasuwar wani, karayar da ta kwantar da shi wata uku, daina shan taba, ko sabon magani. Magunguna da yawa suna sa ƙiba. Akwai olanzapine da clozapine na taɓin hankali, valproate na farfaɗiya, amitriptyline da mirtazapine na ciwon damuwa, prednisolone da dexamethasone na kumburi, insulin da glibenclamide na ciwon suga. Kada kowa ya yanke maganinsa da kansa don ya karanta wannan, wasunsu yankewar gaggawa tana da mugun haɗari. A koma wurin wanda ya rubuta a tambaya ko akwai madadi, sau da yawa akwai.

A tambayi barci. Mai minshari da ƙarfi wanda numfashinsa ke yankewa cikin dare, ya farka da ciwon kai, ya yini yana gyangyaɗi, yana iya kasancewa da toshewar numfashi a barci, kuma na'urar da ke tura iska ta hanci tana canza masa rayuwa. A duba ko tayirod ɗin da ke gaban wuya ya yi sanyin aiki. Macen da al'adarta ke tsallake watanni, gashi na fito mata a haɓa, a duba larurar ƙwan mahaifa da likitoci ke kira PCOS. Akwai kuma wanda ke cin abinci mai yawan gaske cikin ɗan lokaci, yana ji ba zai iya tsayawa ba, daga baya kunya ta rufe shi, aƙalla sau ɗaya a mako har wata uku. Wannan larura ce mai zaman kanta, maganinta zama da masanin halayyar ɗan Adam, kuma tsaurara masa abinci ƙara tsananta ta yake yi. Ba wanda zai faɗi wannan sirrin ga likitan da ya fara da faɗa.

Ma'aunin BMI da ake ta kafa hujja da shi lissafi ne mai sauƙi: nauyi a kilo, a raba da tsayi a mita sau kansa. Mai kilo 95 da tsayin mita 1.70 yana da kusan 33. Daga 25 nauyi ya wuce kima, daga 30 ƙiba ce, ko da yake a Birtaniya an sauke iyakar zuwa 27.5 ga 'yan asalin Asiya, Gabas ta Tsakiya da Afirka, saboda suga na kama su da wuri. Adolphe Quetelet na Beljiyam ne ya ƙirƙiro lissafin a shekarun 1830 don nazarin jama'a da yawa, bai yi shi don yanke wa mutum ɗaya hukunci ba. Bai san tsoka ba, bai san inda kitse ya taru ba. Awon ƙugu ya fi shi faɗin gaskiya: a sa tef tsakanin haƙarƙari na ƙarshe da saman ƙashin kwankwaso, a auna bayan an saki numfashi, kewayen kada ya kai rabin tsayin mutum. Wanda ba shi da tef ya yanki zare daidai tsayinsa, ya ninke biyu, ya ga ko zai zagaye. A watan Janairun 2025 wani kwamitin ƙwararru na mujallar Lancet ya ba da shawarar a bambanta wanda kitse ya riga ya taɓa masa gaɓoɓi ko ya hana shi harkokinsa, da wanda yake da kitsen amma jikinsa na aiki lafiya. Na farko majinyaci ne da ke buƙatar magani yanzu, na biyu sa ido da rigakafi yake buƙata. Ina ganin wannan rabe-raben ya fi adalci nesa ba kusa ba.

Wane buri za a sa a gaba? A nan ne ake yawan karya wa mutane gwiwa, a ce wa mai kilo 120 ya koma 70. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100, wato kilo 6 zuwa 12 a wurinsa, yana sauke hawan jini da suga. A babban gwajin rigakafin ciwon suga na Amurka da aka wallafa a 2002, burin kashi 7 ne kacal da tafiyar minti 150 a mako, kuma kamuwa da ciwon ta ragu da kashi 58. A gwajin DiRECT na Birtaniya, kusan rabin masu ciwon suga da suka bi shirin rage nauyi ƙarƙashin kulawar ma'aikatan jinya sun kai shekara sugansu daidai ba tare da magani ba. Abin lura a duka biyun shi ne an riƙa ganin mutanen a kai a kai tsawon watanni. Bibiyar ce maganin, takardar jerin abinci da aka miƙa sau ɗaya ba ta taɓa yin wannan aikin ba.

Sababbin allurai sun canza lissafi, dole a faɗi gaskiyarsu gaba da baya. Semaglutide, wanda ake sayarwa da sunan Wegovy ko Ozempic, ya rage wa mutane kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu a mako 68, a gwajin 2021. Tirzepatide ya kai kusan kashi 21 cikin mako 72. Don rage ƙiba, ana fara semaglutide da miligiram 0.25 a mako, a riƙa ƙarawa duk bayan mako huɗu har 2.4. Wanda ya yi gaggawar hawa shi ke kwana yana amai. Suna kawo tashin zuciya, zawo ko taurin bayan gida, wani lokacin tsakuwar matsarmama. Ba a yi wa mai ciki su, mai neman ciki ta daina semaglutide wata biyu kafin nan, wanda za a yi wa tiyata kuma ya sanar da masu sa barci. Waɗanda suka daina bayan gwajin sun dawo da kusan kashi biyu bisa uku na abin da suka rage cikin shekara, kamar dai yadda jini ke sake hawa in an bar maganinsa. Tiyatar rage tumbi, wadda a ɗaya daga nau'o'inta ake cire kusan kashi 80 na tumbin, tana rage kashi 25 zuwa 30 na nauyi kuma ta fi komai daɗewa, amma da sharaɗin shan bitamin B12, sinadarin ƙarfe da na ƙashi har abada, da jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18. Ina jin takaicin masu ce wa waɗanda suka bi waɗannan hanyoyin sun bi ta ɓarauniyar hanya. Mutumin da aka yi shekara ashirin ana gaya masa nauyinsa zai kashe shi, ranar da ya sami magani kuma a ce ya yi ha'inci, to ina ake so ya sa kansa?

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wanda asibiti ya kora da wulaƙanci, mai shayin rage teɓa ne zai tarbe shi da fara'a. An janye sibutramine daga kasuwa a 2010 saboda yana jawo bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, amma har yanzu hukumomin magunguna suna tsintar sa a ɓoye cikin kayan da aka rubuta wa "na gargajiya zalla". Wasu kuma maganin zawo ne ko na fitsari, ruwan jiki suke zubarwa, sikeli ya sauka kwana uku, ƙoda ta biya bashin. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan jabun semaglutide da ke yawo. Duk abin da ya yi alƙawarin kilo goma a wata, ko aka ce ba ya buƙatar ganin likita, a guje shi.

A gida kuma, taimako yakan zo da siffar sa ido, ya zama azaba. Ƙirga wa mutum loma, ware masa nasa kwano yana kallon na sauran, tambayarsa kullum ko ya hau sikeli, duk suna kai shi ga ci a ɓoye. Abin da ke aiki shi ne gidan gaba ɗaya ya canza. A daina ajiye lemon kwalba, a riƙa ci tare a lokaci sananne, a kwanta da wuri, wani ya ce zo mu taka maimakon je ka taka. Minti goma bayan cin abinci ya isa farawa, da takalmi mai laushin ƙasa, a ƙara minti biyu zuwa uku duk mako. Ga yara abin ya fi tsanani. Yaron da iyayensa ke yi masa maganar jikinsa ya fi shiga haɗarin rikicewar cin abinci idan ya girma. Akwai wani abu da ke ba ni tausayi ƙwarai: baƙi mai kauri da ke fitowa a bayan wuya da hammata, wanda ake ɗauka dauɗa ce, a yi ta dirje yaro da soso ana masa faɗan ƙazanta. Alama ce ta cewa insulin ba ya aiki yadda ya kamata, gwajin suga yake nema. Haka ja da ƙaiƙayin da ke kama ƙarƙashin nono, ƙasan teɓa da matsematsi, wanda kunya ke hana mutane faɗa. A wanke kullum, a busar ta hanyar dannawa da tawul ba gogewa ba, a sa ƙyallen auduga tsakanin fata da fata, a shafa man clotrimazole safe da yamma mako biyu. In yana yawan dawowa, a gwada suga.

Ƙungiyar tallafin juna tana iya riƙe mutum a watannin da likita ba ya nan, in an kafa ta da dokoki. Shawarata ita ce mutum 8 zuwa 12, haɗuwa duk mako biyu, ɗaya daga masu larurar ya jagoranta, ma'aikacin lafiya ya riƙa leƙowa lokaci-lokaci don amsa tambayoyi. Ba a awon nauyi a gaban jama'a, ba a gasar wa ya fi ragewa, domin gasa tana korar wanda ya fi kowa buƙatar zaman. Ba a talla, ko da mamba ce ke sayarwa. Abin da aka faɗa a ɗaki ya tsaya a ɗaki. A riƙa ƙirga nasarar da sikeli ba ya gani: hawa bene ba tare da tsayawa ba, ɗaure takalmi da kai, barci mai daɗi, rage ƙwayar suga. Wanda ya ɓace mako huɗu a kira shi, don galibi nauyi ne ya dawo kunya ta hana shi zuwa. Jagora kuma ya san abin da ya fi ƙarfin ƙungiya. Mai jawo amai bayan ci, mai kwana biyu bai ci ba da gangan, mai maganar ya gaji da rayuwa, asibiti za a raka su a ranar.

Fafutuka a waje ta fi tasiri in ta nufi abin da za a iya dubawa a ce an yi ko ba a yi ba. Ƙungiyar Likitocin Amurka ta amince da ƙiba a matsayin cuta tun 2013, amma tsare-tsaren inshora da yawa a duniya suna biyan kuɗin yanke ƙafar mai suga, su ƙi biyan maganin da zai hana a kai ga haka. Jihar Michigan ta haramta nuna bambanci a wurin aiki saboda nauyi tun 1976, birnin New York ya bi sahu a 2023, yawancin duniya kuwa babu irin wannan kariyar. Meziko ta sa haraji a kan lemon kwalba a 2014, Cile ta tilasta manna baƙin tambarin gargaɗi a kan kayan da suka cika suga, gishiri ko kitse a 2016, Birtaniya ta sa nata harajin a 2018 har kamfanoni suka rage sugan da suke zubawa. Ina goyon bayan irin waɗannan domin masana'anta suke tuhuma, ba su nuna wa mai saye yatsa. 'Yan jarida su daina hoton teɓar mutum an yanke kansa. Ranar 4 ga Maris, ranar ƙiba ta duniya, maimakon jawabai, ƙungiya ta ɗauki tef da takarda ta ziyarci asibitin da mambobinta ke zuwa: ɗamara nawa gare ku, ina sikeli yake, nawa gadonku ke ɗauka? A miƙa wa shugaban asibitin sakamakon a rubuce, a koma bayan wata shida.

Ita kuwa mai ciwon gwiwa, abin da ya kamata a yi mata sananne ne. A kwantar da ita a lanƙwasa gwiwar a miƙe, a duba kumburi da zafi, a duba kwankwaso don ciwonsa yakan sauko gwiwa, in ana buƙatar hoto a ɗauka tana tsaye. A koya mata ƙarfafa tsokar cinya: tana zaune ta miƙe ƙafa, ta riƙe daƙiƙa biyar, sau goma, sau uku a rana. A ba ta diclofenac na shafawa kafin a kai ga na sha, da sanda a hannun da ke ɗaya ɓangaren. Bayan an yi wannan, in ta yarda a yi maganar nauyi, sai a gaya mata cewa kowane kilo ɗaya da ya sauka yana rage wa gwiwa kusan kilo huɗu a kowane taku, saboda haka kilo biyar ma za ta ji su a jikinta. A rubuta mata ranar dawowa, mako shida, a wurin wanda ya gan ta yau.